Sai Bango Ya Tsage Za Mu Tuna Da Magini?

Jama'a, a makon jiya na je gaida wani abokina ɗan kasuwa da ke gina bene a bayan garin Maraɗi. Na isa rana ta take, ana zuba dal ɗin hawa na farko. Samari kusan ashirin sun yi jerin gwano, kowa da kwanon kankare a ka, suna hawa wani tsani na katako da aka ɗaure da waya. Babu mai hular kwano, babu mai takalmin kirki, wasu ma ƙafarsu a ƙasa. Mai kwaɓa siminti kuwa yana ta antaya ruwa da bokiti, ba awo ba ƙa'ida, don kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba. Na ja shi gefe na ce masa, "Samari, wa ya koya maka wannan kwaɓi?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, ai ba a koyonsa. Yau kwanana tara da zuwa daga ƙauye." Na ce nawa ake ba shi a wuni. Ya ce, "Jika biyu, in an biya."

Da muka zauna a inuwa, sai mai ginin ya shiga yi mini kuka. "Malam, ma'aikatan ƙasar nan ba su iya aiki ba, kuma ba su da amana. In an zo sa karo da jan wuta, daga Lome ko Kwatano zan ɗauko masu yi." Ban musa masa ba, domin na san ba shi kaɗai ke faɗin haka ba. Tambaya guda na yi masa: tun da ya fara wannan gini, sefa nawa ya kashe don wani yaro ya koyi wani abu, kuma nawa ya taɓa ƙara wa wanda ya fi sauran gyara aiki? Ya yi shiru, can ya ce ai shi ba makaranta ya buɗe ba.

Wannan amsa ita ce ciwon da ke cin sana'ar gini a Nijar. Kowa na son gwani, babu mai son ɗaukar nauyin renon gwani, kuma in gwanin ya samu babu mai son biyan gwanintarsa. Ra'ayina a nan shi ne, koyar da ma'aikaci da ba shi haƙƙinsa tagwaye ne, ba a ɗaukar ɗaya a bar ɗaya. Muddin wanda ya iya da wanda bai iya ba lada guda suke karɓa, kuma a makare, to ko makaranta dubu aka buɗe bangayenmu ba za su daina tsagewa ba.

Gadon da muka tarar

Kada wani ya ce mana hannun ɗan Nijar bai iya gini ba. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa da icce aka yi ta. An fara kafa masallacin a 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844, ga ta nan tsaye har yau. Wanda ya zaga unguwar Birni da ta Zango a Damagaram ya ga zanko da zanen bango da ɗaurin bakan-gizo da kakanninmu suka yi ba tare da injiniya ba. A garin Yama na jihar Tawa, wani magini manomi, Falke Barmu, ya fara gina masallacin Juma'a a 1962, kuma a 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya ke gasa a kanta.

Waɗannan mutane ba daga sama suka faɗo ba. Tsari ne ya rene su. Yaro kan fara da ɗebo ruwa da taka ƙasa, ya koma mulmula tubali, ya koyi jefa shi ga wanda ke bisa bango, sai bayan shekaru a bar shi ya hau ya jera, daga ƙarshe a nuna masa sirrin azara da rufin soro. Cinsa da suturarsa na wuyan ubangidansa, sau da yawa har aurensa na fari. A saman su duka akwai Sarkin Magina, mai raba aiki, mai raba gardama, wanda in ya ce aikin wane bai yi ba, wane ya sha kunya a gari. Ke nan akwai koyo, akwai matakin da ake hawa, akwai kuma mai hukunci.

Da siminti da ƙarfe da kwano suka mamaye birane, sai wannan tsari ya sukurkuce, ba mu kuwa kafa wani a madadinsa ba. Yau duk wanda ya sayi cokalin gini da igiya ya zama maso. Babu mai tambayarsa a hannun wa ya koya.

Manyan ayyuka sun zo sun wuce

Ba za a ce ba a yi gini a ƙasar nan ba. An buɗe gada ta biyu a Yamai da matatar mai ta Damagaram a 2011. Bikin 18 ga Disamba ya zaga jihohi da ayyukansa: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Zinder Sabuwa a 2018. Taron shugabannin Tarayyar Afirka na 2019 ya kawo wa Yamai manyan otal-otal da sabunta filin jirgi da babban zauren taro. Gada ta uku ta biyo baya a 2021, sannan aka shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka makaranta ce da aka riga aka biya kuɗinta. To ina ɗalibanta? A fito a karanta mana sunayen ƴan ƙasa da suka shiga a matsayin lebura suka fita da takardar shaidar walda, ko ɗaurin ƙarfe, ko tuƙa manyan injuna. Abin da idanunmu suka saba gani shi ne, baƙo na riƙe da takardar zane da na'urar awo, ɗan gida na riƙe da shebur. In an gama, a yanke kyalle, a tafa, baƙo ya naɗe iliminsa ya koma, ɗan gida ya koma bakin titi da sheburinsa yana jiran mai kira. Laifin ba na baƙon ba ne, shi abin da aka rubuta masa cikin yarjejeniya ya cika. Haka nan ƴan'uwanmu na Togo da Benin da Gana masu sa karo, gwaninta suka kawo kasuwa aka saya. Laifin na wanda ya sa hannu a kwangilar biliyoyi ne, bai tilasta ko layi guda da zai sa a bar ilimin aikin a gida ba. Gwamnatoci sun zo sun tafi, na farar hula da na soja, kowace da kirarinta na diyaucin ƙasa. Amma ƙasar da sai ta yi aron hannu kafin ta miƙe bangonta, da saura a diyaucinta.

Abin da rashin sani ke ci

Ƴan kasuwa, bari mu yi maganar da kuka fi ganewa, wato lissafi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, kankaren ginshiƙi da na dal na son kilo 350 na siminti a kowace mita mai kusurwa huɗu da zurfi, buhu bakwai ke nan. In aka cika masa ruwa, ƙarfinsa ya ragu ko da buhunan sun cika. Bayan an zuba, dole a riƙa shayar da shi aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 ake lissafin ya kai ƙarfinsa. A zafin Afirilu da Mayu, lokacin da rana kan haura maki 40, dal ɗin da ba a shayar ba ƙonewa yake, ya yi ta ƙananan tsagu tun ba a shiga gidan ba. Ƙarfen da ke ciki kuma na son a lulluɓe shi da kankare kamar kaurin yatsa biyu; in ya kwanta a kan katako, tsatsa ta ci shi, wata rana dal ya fara zubo wa masu gida ɓarɓashi a ka. Yashi mai laka, bulon da aka buga sittin da buhu guda, tushen da bai kai ga ƙasa mai tauri ba, duk waɗannan fenti na rufe su har zuwa damina ta uku.

Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da ya fi ƙarfin kan ɗan ƙauye. Cikin mako biyu za a iya koya wa yaron da na gani, da Hausa, a kan filin aikin. Amma don tsimin ladan mai koyarwa, abokina ya ɗora simintin miliyoyi a hannun wanda ya kwana tara a gari. Araha ba ta ado. An rage farashin siminti a watan Oktoba na 2024, jama'a suka yi murna, kuma sun yi gaskiya. Sai dai ko masana'antar Malbaza ta raba shi kyauta, buhu ba ya kwaɓa kansa.

Daminar 2020 da ta 2024 sun nuna mana iyakarmu. Dubban gidaje sun zube, an yi asarar rayuka, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi a watan Satumba na 2024. Ruwa ikon Allah ne, kuma wanda aka yi ya wuce misali. Amma tushe, da magudana, da indararo, da yaɓen shekara-shekara, aikin mutum ne, kuma sai wanda aka koya wa ke yin su daidai.

Makaranta a gabas, filin aiki a yamma

Wani zai ce ai akwai makarantu. Akwai su. Ga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, ga Isa Beri da Kalmaharo da EMIG a Yamai, ga cibiyoyin koyon sana'a da aka baza cikin gundumomi. Akwai kuma asusun FAFPA da aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a, kuma kamfanoni na biyan harajin koyo, kashi 3 cikin ɗari na albashin ƴan ƙasa, kashi 5 na albashin baƙi. Duk wannan abin yabo ne.

Matsalar ita ce, mafi yawan masu ɗaga bangayenmu ba ta ƙofar makaranta suke shigowa ba. Ƴan ci-rani ne, su sauko birni bayan girbi, su koma gona da saukar ruwan fari. Da yawansu ba su yi lakwal ba, darasin da ake bayarwa da Faransanci bai shafe su ba. A ɗaya gefen kuma ga matashi da difloma a hannu, ya san lissafin ginshiƙi a allo, amma bai taɓa kwana uku a filin aiki ba, tsofaffin maso na yi masa dariya. Mai takarda ba shi da hannu, mai hannu ba shi da takarda. Maginin da ya shekara ashirin yana aiki, wanda ya yaye yara da dama, ba shi da wata shaida da zai nuna a ofis ya nemi ko aji guda ya gina. Sai ya fake a bayan wani mai rajista da tambari, wanda bai san bambancin tsakuwa da marmara ba.

Ciki da yunwa ba ya gyara kusurwa

A nan ne maganar ta zo kanku, ma'aikatan gwamnati. Mu bi sawun kuɗin aji guda na makaranta. Kafin a ba da kwangilar, wani ya ciri kasonsa. Wanda ya samu ya sayar wa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku, kowa ya yagi rabonsa. An fara aiki, takardar biya ta kwanta a ofis wata da watanni, sai an shafa mata mai take motsawa. To wa ke cike wannan rami? Siminti da lebura. A rage buhu, a rage ƙarfe, a ce wa yara su dawo ranar Asabar, Asabar ta zo a ce mako mai zuwa. Ranar karɓar aiki kwamiti ya zo da mota, a ci nama, a sa hannu. Shekara biyu bango ya buɗe baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a wannan harka tun a kan tebur aka tsaga shi.

Doka ba ta yi shiru ba. Akwai dokar ƙwadago ta 2012, akwai asusun CNSS da ya kamata ya ɗauki nauyin wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun daga watan Janairu na 2024. In ka raba 42,000 gida 26 za ka samu ɗan abin da ya haura 1,600 a wuni, sai mai gini ya ce ashe jika biyunsa ma alheri ne. Ya manta lebura ba kullum yake samun aiki ba, a ciki zai ci, a ciki zai aika gida, kuma ranar da ya faɗo daga tsani babu sunansa a kowane littafi. A ba shi jika biyar na ɗori, a sa shi a mota zuwa ƙauye, gobe wani ya ɗauki kwanonsa.

Mutumin da aka riƙe haka, me zai sa ya tsaya gyara kusurwa? Me zai sa ya kwance layin bulon da ya karkace, alhali da yawan bulo ake biyansa? Muna kiransa maras amana, mun manta amana hanya biyu gare ta. Abin da ke sa ma'aikaci himma ba boyayye ba ne: a biya shi ranar da aka yi alkawari, ya san in ya ƙara sani ladansa zai ƙaru, ya san in ya ji ciwo ba za a yar da shi ba, a kuma kira shi da sunansa, a yaba masa gaban abokansa in ya gyara.

Na san abin da ƴan kwangila za su ce: "In na koyar da yaro, da ya iya sai ya gudu wurin wani." Gaskiya ne, yakan faru. Amma a bincika, galibi wanda ya gudu ladan ranar da ya zo ake ba shi har ranar da ya tafi. Sannan in kowa na koyarwa, wanda ya bar ka zai je wa maƙwabcinka, na maƙwabcinka ya zo maka, kasuwa ta cika da gwanaye. Tun da kuwa ba wanda ke son ya fara shi kaɗai, aikin hukuma ne ta ɗora wa kowa nauyin a lokaci guda. Ga wanda ya gudu da ilimi da wanda ya zauna maka da jahilci yana kwaɓa maka dal, wanne ya fi cutar da kai?

An taɓa gwadawa, kuma ya yi

A 1980, a garin Cikal na yankin Filinge, aka fara koya wa maginan karkara ginin ƙasa mai rufin baka da ƙubba wanda ba ya bukatar icce ko kaɗan. A kan gini ake koyarwa, da rani, cikin harshen mutane, kuma wanda ya ƙware shi ke koyar da na baya. Fasahar ta bazu cikin ƙasa har ta tsallaka Mali da Burkina Faso. A farkon shekarun 1990 hukumar NIGETIP ta riƙa yanka ayyukan gwamnati ƙanana-ƙanana don ƙananan ƴan kwangila su samu shiga, talakawa su samu aikin hannu. A Dandaji ta jihar Tawa kuma, mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da bulon jar ƙasa da aka matse da inji, aka gama a 2018. Maginan garin aka sa a aikin, suka ƙaru da sababbin dabaru a kan na gado. Gani ya kori ji.

Abin da muke kira a yi

Na farko, kowace kwangilar gwamnati, ta ɗan ƙasa ko ta baƙo, ta ƙunshi adadin ƴan koyo da za a horar, da sunayensu, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an jarraba su an gani.

Na biyu, a buɗe hanyar jarraba tsofaffin magina a kan aikin hannunsu, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, a ba su shaida mai daraja hawa-hawa. A sa sarakunan magina da ƙungiyoyin masu sana'a cikin alƙalan.

Na uku, kuɗin harajin koyo ya bi ma'aikaci har filin aiki. A shirya darussa gajeru tsakanin girbi da damina, lokacin da ƴan ci-rani ke gari.

Na huɗu, baitulmali ya biya ƴan kwangila a kan lokaci, su kuma a tilasta musu nuna takardar biyan leburori da rajistar CNSS kafin a sake musu wani kaso. Masu binciken ƙwadago su fito daga ofis su taka ƙura.

Na biyar, wanda ya sa hannu ya karɓi gini, sunansa ya zauna a allon da ke jikin ginin tare da na ɗan kwangila da na babban magini. In ya tsaya su sha yabo, in ya zube a san ƙofar da za a buga.

Ku kuma alhazan kasuwa, ba sai kun jira doka ba. Hular kwano goma da takalma goma ba su kai kuɗin ƙofar ƙarfe guda ta gidan da kuke ginawa ba. Ku ware ladan gwani daban da na ɗan koyo, ku biya ranar da kuka ce, ku ba babban maso wani abu a kan kowane yaro da ya yaye.

Aikin da ke gabanmu ba ƙarami ba ne. Ba mu manta da yaran da wuta ta cinye cikin azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai a watan Afirilu na 2021 ba, da na Maraɗi a watan Nuwamba na 2021. A lokacin hukumomi da bakinsu sun ce irin waɗannan azuzuwa sun kai kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Duk ranar da aka tashi mai da su na gini, hannuwan samarin nan masu silifas ne za su yi aikin, kuma ƴaƴanmu ne za su zauna ƙarƙashin rufin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da zan bar wurin abokina, na ga yaron nan ya tsaya yana kallon yadda babban maso ke saita ginshiƙi da igiya, kwano a hannunsa, har sai da aka daka masa tsawa ya koma layi. Yana son ya koya. Saura a samu mai koya masa, da mai biyansa in ya iya. Allah ya ba magabatanmu kunnen ji, mu kuma ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda ke ƙarƙashinmu.